Mil na Titi ko Mil na Fili: Wanne Ya Dace da Ɗan Tsere Mai Matsakaicin Zango?

A ranar 1 ga Satumba, 2024, a birnin Düsseldorf na Jamus, ɗan Birtaniya Elliot Giles ya kammala tseren mil ɗaya a kan titi cikin minti 3 da daƙiƙa 51.3, aka rubuta masa wannan lokaci a matsayin sabon tarihin duniya. Mako guda bayan haka, ɗan ƙasarsu Josh Kerr ya yi gudun mil ɗaya a titin Fifth Avenue na New York cikin 3:44.3. Ya fi Giles sauri da daƙiƙa bakwai cif, wanda a irin gudunsu ya kai tazarar kusan mita 50, amma babu hukumar da ta kira lokacinsa tarihin duniya. Duk wanda ya fahimci dalilin haka ya riga ya yi rabin tafiya wajen amsa tambayar da ke gaban ɗan tseren mita 800 ko 1500 da mai horar da shi a kowace kaka: shin a nemi mil a cikin fili, ko a fita kan kwalta, kuma idan kwaltar ce, wace iri?

Abin da ya kamata a fara warwarewa shi ne cewa zaɓin kashi uku ne, ko da yake akan yi maganarsa kamar biyu. Akwai mil na fili, zagaye huɗu na mita 400 da ƙarin mita tara da 'yan kai, domin mil ɗaya mita 1609.344 ne. Akwai mil na titi wanda hanyarsa ta cika sharuɗɗan Hukumar Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Duniya. Sannan akwai mil na titi da ake yi a miƙaƙƙiyar hanya daga wannan kai zuwa wancan, wanda ba ruwansa da waɗannan sharuɗɗa. Nisan duka ukun ɗaya ne, amma lokacin da aka samu a ɗayansu ba ya fassara lokacin ɗayan, kuma yawancin gardamar da masu bin wasan suke yi daga nan take tasowa.

Sharuɗɗan hukumar guda biyu ne suka fi muhimmanci a nan. Na farko, idan aka ja miƙaƙƙen layi daga wurin tashi zuwa wurin ƙarewa, kada tazarar ta wuce rabin nisan tseren, wato kimanin mita 804 ga mil ɗaya. Hikimar ita ce kada iska ta riƙa tura mutum ta baya tun daga farko har ƙarshe. Na biyu, kada wurin ƙarewa ya yi ƙasa da wurin tashi fiye da mita ɗaya a kowace kilomita, wanda ga mil bai wuce mita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya ba. Fifth Avenue ta faɗi tun a sharaɗin farko, tunda ana tashi daga titi na 80 ne a miƙe sak zuwa titi na 60 ta gefen Central Park, kuma a jimlace hanyar gangarawa take yi. Wanda yake ganin wannan tsanani ya yi yawa, sai ya tuna cewa a 1983 ɗan Kenya Mike Boit ya yi 3:28 a wata hanya mai gangara sosai a birnin Auckland na New Zealand, lokacin da har yau babu ɗan Adam da ya kusance shi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Idan ana maganar lokaci zalla, fili ba shi da abokin gasa. Tarihin maza na 3:43.13 da Hicham El Guerrouj na Maroko ya kafa a Rum ranar 7 ga Yuli, 1999, ya fi na Giles da daƙiƙa takwas. A ɓangaren mata tazarar ta fi haka faɗi: Faith Kipyegon ta Kenya ta yi 4:07.64 a Monako a Yulin 2023, yayin da Diribe Welteji ta Habasha ta kafa tarihin titi da 4:20.98 a birnin Riga na Latvia bayan wata biyu da 'yan kwanaki. Dalilan a bayyane suke ga duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili. Shimfiɗar roba tana mayar wa ƙafa ƙarfinta, takalmi mai ƙusoshi yana kama ta ba ya zamewa, kwanoni, wato wuraren da hanya take lanƙwasawa, a buɗe suke ba sa karya gudu, sannan ga masu jan ragamar gudu da aka ɗauka musamman domin su kai taron rabin hanya ko fiye a kan lissafin da aka tsara. A manyan gasanni na yanzu har fitilu ake jerawa a gefen layi na ciki, suna tafiya daidai da lokacin da ake nema, ta yadda ɗan tsere ba ya buƙatar tunani, ƙafa kawai zai ba su. Kuma kowane mita 400 yana wucewa ta gaban agogo, ya san ko yana gaba ko yana baya.

Akwai wani ma'auni da nake ganin ya fi kowanne nuna girman tazarar. Domin samun gurbi a tseren mita 1500 na gasar Olamfik ta Paris a 2024, lokacin mil da aka gindaya shi ne 3:50.40 ga maza da 4:20.90 ga mata. Ke nan tarihin duniya na titi, na Giles da na Welteji duka, bai kai abin da ake nema domin shiga gasar kawai ba. Saboda haka ɗan tseren da buƙatarsa ita ce lamba, wato lokaci mai sauri da za a rubuta masa, ko ta cancantar shiga babbar gasa, ko ta jawo hankalin masu ɗaukar nauyi, ko ta samun gayyata zuwa manyan filaye, babu wata doguwar shawara a kansa. Fili zai nufa.

To me ya sa manyan gwanaye suke fita titi duk da haka? Wani ɓangare na amsar shi ne sabuntar fagen. Hukumar duniya ba ta fara amincewa da tarihin mil na titi ba sai ranar 1 ga Satumba, 2023, kuma lokutan da aka fara da su masu sauƙi ne: 4:01.21 na Sam Prakel a rukunin maza da 4:27.97 na Nikki Hiltz a rukunin mata, dukansu daga tseren Des Moines na Amurka a Afrilun wannan shekara. Cikin shekara guda tarihin maza ya sauya hannu sau uku. Hobbs Kessler na Amurka ya mai da shi 3:56.13 a Riga ranar 1 ga Oktoba, 2023, a gasar duniya ta tseren titi ta farko. Emmanuel Wanyonyi na Kenya ya sauko da shi 3:54.6 a Herzogenaurach na Jamus a Afrilun 2024; sai Giles ya zo da nasa a Satumba. Ƙofa ce da take a buɗe, alhali ta fili ta shekara fiye da ashirin a kulle, har Jakob Ingebrigtsen na Norway da ya yi 3:43.73 a birnin Eugene na Amurka a 2023 bai iya buɗe ta ba. Ga wanda ya san ba zai taɓa kai El Guerrouj ba, kuma kusan kowa ke nan, titi ya ba shi wata hanyar da sunansa zai shiga littafi.

Sunayen nan da aka jera sun cancanci a sake dubansu, domin suna faɗin irin ɗan tseren da kwalta take so. Wanyonyi gwanin mita 800 ne, shekarunsa 19 a ranar da ya kafa tarihin, kuma bayan wata uku da 'yan kwanaki ya ci zinaren Olamfik a mita 800 da 1:41.19. Giles ma a mita 800 ya yi suna, shi ne ya yi 1:43.63 a rufaffen fili a 2021. Kessler kuwa yana haɗa mita 800 da 1500, har ya wakilci Amurka a duka biyun a Paris. Ba na ɗaukar wannan a matsayin katari. Tseren titi da ya cika sharuɗɗa dole ne ya ƙunshi kwanoni ko juyawa, tunda ba a yarda ya miƙe ba, kuma kowace kwana tana tilasta wa mutum ya rage gudu sannan ya sake tayarwa. Mai ƙarfin cinya da saurin tashi, irin wanda mita 800 take ginawa, ya fi jure wannan tsaya-tashi fiye da wanda ƙarfinsa yake cikin riƙe gudu iri ɗaya ba yankewa. Haka kuma sau da yawa babu mai jan ragama, sai taron ya tafi a dunƙule har zuwa mita 300 na ƙarshe, inda mai saurin ƙarewa yake cin kasuwarsa. A Riga, tsakanin Kessler da Callum Elson na Birtaniya da Prakel, wato na ɗaya zuwa na uku, duka tazarar ba ta wuce kashi uku cikin goma na daƙiƙa ba.

Juyawa a kan titi abu ne da sai an gan shi kusa ake gane tsadarsa. A tsere irin na Kalakaua Merrie Mile da ake yi a Honolulu a watan Disamba, ana zuwa ne a dawo a kan titi ɗaya, don haka a tsakiyar hanya akwai inda kowa zai zagaye alama ya juyo. Mutum goma sha wani abu ne suke isowa wurin cikin gudun kusan mita bakwai a daƙiƙa, kowa yana son gefen ciki. Na gaba yana gajarta taku, ya karkata kafaɗa, ya dasa ƙafar waje ya juya. Na bayansa dole ya taka burki ko ya hau dugadugansa. Na waje kuwa ya buɗe ya yi babbar kwana, ya ƙara wa kansa mita biyu ko uku. Kafin su miƙe, wanda ya shiga kwanar a na shida ya tarar na farko ya ba shi taku biyar, ba don ya fi shi gudu ba, sai don ya riga shi wurin. Mai horarwar da zai kai ɗan wasansa irin wannan tsere ba tare da sun gwada juyawa cikin cikakken gudu ba, ya tura shi ne ya koyo a gaban jama'a. Wannan tsere na Honolulu yana da wani salo nasa ma, inda ake sakin mata tukuna da tazarar daƙiƙoƙi sannan maza su bi su, wanda ya fara isa shi ne gwani ko daga wane rukuni yake.

A ɗaya gefen kuma, ga abin da ya sami manyan gwanayen fili biyu. Yared Nuguse na Amurka yana da 3:43.97 a fili, wanda ya sa shi cikin mutum huɗu mafi sauri a tarihin mil a lokacin da ya yi shi, amma a Düsseldorf Giles ne ya riga shi, shi kuma ya ƙare da 3:51.9. Na Kipyegon ya fi ban mamaki. Ta je Riga tana riƙe da tarihin duniya na mil, ta ci zinare biyu a gasar duniya ta Budapest a watan Agusta, a mita 1500 da 5000, kuma Welteji a bayanta ta ƙare a waccan gasa. A Riga ta ɗauki gaba tun daga tashi da ƙarfi, kamar yadda ta saba, amma da aka doshi ƙarshe sai Welteji ta wuce ta, Freweyni Hailu ma ta wuce ta, ta ƙare ta uku da 4:24.13, fiye da daƙiƙa 16 a bayan lokacinta na Monako. Gajiyar doguwar kaka tana da nata kason a cikin wannan, ba shakka, domin watan Oktoba ne. Sai dai darasin da ya shafi zaɓi shi ne, mai jan gaba a titi ba shi da zagaye da zai auna kansa da shi, ba shi da fitila, iska kuma shi take fara duka, alhali na bayansa suna fakewa da shi suna jira.

Fifth Avenue kuwa wata duniya ce daban, kuma ita ce ta fi cancantar a daɗe a kanta, domin ita ce mafi daraja a cikin tserukan mil na titi duk da cewa lokacinta ba ya shiga littafin hukuma. An fara ta a 1981, Sydney Maree ya ci ta farko da 3:47.52, kuma wannan lokaci ya shekara 43 ba a taɓa shi ba sai da Kerr ya zo. Hanyar layuka ashirin ne na birnin, kowane biyar kusan rubu'in mil. Rubu'in farko gangara ne, mai ruɗin mutum ya ji ƙafarsa ba nauyi ya zuba gudun da bai shirya ba. Na biyu hawa ne, ba mai tsanani ba ga mai tafiya, amma ga wanda ya riga ya ci bashin numfashi a gangara, nan ake fara biya. A kan tudun, wajen rabin hanya, akan ba da tukuici ga wanda ya fara isa, muddin ya kammala tseren cikin lokacin da aka gindaya, abin da yake sa wasu su ƙona kansu da wuri. Daga nan hanya ta sake gangarawa, kuma a nan tarkon yake: ana hango wurin ƙarewa tun daga nesa, ido ya ce an iso, alhali da sauran mita ɗari shida ko fiye. Sabon zuwa yakan saki duk abin da ya rage masa a nan, ƙafafu su yi masa nauyi saura layi biyu, ya ji takun waɗanda suka yi haƙuri suna wuce shi ta dama da hagu, tunda titin yana da faɗi babu wanda zai tare wa wani hanya.

Shi ya sa wannan tsere yake da masu shi. Jenny Simpson ta Amurka ta ci shi sau takwas, bakwai daga ciki a jere daga 2013 zuwa 2019. Nick Willis na New Zealand ya ci sau biyar tsakanin 2008 da 2019, na ƙarshen yana da shekara 36, lokacin da akwai matasa da dama da suka fi shi lamba a fili. Jake Wightman ya ci sau uku. Sanin hanya a nan ya kan rinjayi ɗanyen sauri, abin da ba a cika gani a fili ba, inda kowane zagaye tamkar ɗan'uwansa yake ko a wace ƙasa. Game da lokutan kuwa, lissafin ya juye: Kerr ya yi 3:45.34 a Eugene a watan Mayun 2024, wanda ya karya tarihin Birtaniya na Steve Cram da ya tsaya tun 1985, amma a New York ya fi haka sauri da daƙiƙa guda. Laura Muir ma lokacinta na 4:14.8 a Fifth Avenue a 2022 ya ɗara 4:15.24 da ta yi a Monako a shekarar da ta biyo baya. Wato hanya mai kwanoni takan ƙara wa gwani daƙiƙa da dama a kan lokacinsa na fili, ita kuwa wannan takan mayar masa da lokacinsa ko ma ta rage masa kaɗan. Mai karanta sakamako da ya jera 3:44.3 da 3:51.3 a layi ɗaya ya yanke hukunci, ya zalunci Giles.

Batun jiki da takalmi gajere ne amma yana da nauyi. A titi doka ta yarda da takalmi mai kaurin tafi har milimita 40, irin mai kumfa da farantin kabon a ciki, yayin da na fili aka taƙaita shi a milimita 20 tun daga Nuwamban 2024. Ga ɗan tseren da jijiyar dugadugansa ko ƙwabrinsa suka sha wuyar takalmi mai ƙusoshi tun watan Mayu, mil na titi a Satumba ya fi masa sauƙi, kuma babu matsin kwanar hagu da ake maimaitawa sau takwas. Amma kwalta jiƙaƙƙiya tana da santsi, musamman a kan fentin layukan titi da murafun magudanar ruwa, ga shi kuma gefen hanya yakan karkata domin ruwa ya gangare. Awon hanya ma yana da nasa sirrin: ana auna ta da keke ne ta bin mafi gajeren layin da za a iya bi, don haka duk wanda bai yanke kwanoni daidai ba ya yi gudun da ya wuce mil. A fili ma akwai irin wannan asara, domin zama a layi na biyu yana ƙara kimanin mita bakwai a kowane zagaye, sai dai can ɗan tsere ya san abin da yake biya.

Idan aka tambaye ni, ga yadda zan raba. Ɗan tseren mita 1500 da ƙarfinsa yake cikin dogon gudu mai tsanani, wanda yake cin mutane ta hanyar gajiyar da su tun daga zagaye na biyu, ya riƙe fili a tsakiyar kaka, kada ya sa ran titi mai kwanoni zai nuna darajarsa. Idan yana son kwalta, Fifth Avenue ce ta fi kusa da halinsa, domin babu abin da zai karya masa taku, kuma yadda Kerr ya tsere wa jama'a a 2024 ya nuna ana iya cin ta daga gaba idan aka san inda hawan yake. Amma ya je shekarar farko da niyyar koyon hanya. Shi kuwa ɗan mita 800 da yake son gwada ko zai iya hawa zuwa 1500, ban ga wurin gwaji da ya fi mil na titi mai cika sharuɗɗa ba, musamman a farkon kaka kamar Des Moines ko Herzogenaurach a watan Afrilu. Tafiyar farko ba ta cika yin zafin da za ta kashe shi ba, kwanoni suna aiki a gefensa, kuma idan bai yi kyau ba babu wata lambar fili da za ta bi shi ana nuna shi da ita.

Matashin da bai taɓa sauka ƙasa da minti huɗu ba kuwa, wanda yake mafarkin shiga sahun da Roger Bannister ya buɗe a Oxford ranar 6 ga Mayu, 1954, da 3:59.4, ya kamata ya san cewa masu ajiye wannan jeri lokacin fili suke ƙirgawa. Zai iya yin 3:58 a titi mai gangara, abokai su ɗaga shi sama, amma washegari sunansa ba ya cikin jerin, kuma mai shirya gasar da zai aika wa takardar neman gurbi lokacinsa na zagaye huɗu zai tambaya.